Uhm, Toh: Maganar da Ta Kusa Cinye Ɗigo

Akwai wani mai walda, matashi mai ƙarfin hannu, da matarsa mai ɗinki. Shekararsu uku da aure, Allah ya ba su 'ya guda. Suna kiranta Ɗigo, don ranar da aka haife ta ko tafin hannun ubanta ba ta gama cikawa ba.

Mutumin nan ba mugu ba ne. Ba ya duka, ba ya zagi, cefane bai taɓa yankewa a gidansa ba. Ciwonsa ɗaya: waya. Da ya dawo daga shago zai zube a kujerar da ke kusa da soket, ya sunkuyar da kai, shi ke nan an yi sallama da shi. Musun ƙwallo yake da mutanen da ko a hanya bai taɓa gamuwa da su ba.

Duk abin da matar ta ce, amsa ɗaya ce: "Uhm, toh."

Wata rana ta gwada shi. Ta ce, "Baban Ɗigo, na sayar da gadonmu, na sayo raƙumi."

"Uhm, toh."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta shiga kicin kuma ta share hawaye.

Da ta gaji, sai ta koma bin sa ta inda yake. Suna zaune ɗaki ɗaya, ƙafarta na taɓa tasa, amma saƙo take tura masa a waya. Abin da ba ta sani ba, tun watanni biyu baya ya kashe ƙarar saƙonninta, wai suna faɗo masa a fuska yana tsakiyar kallo.

Ana nan sai tari ya kama Ɗigo. Likita ya rubuta magani na ruwa, ya ja kunnen uwar: ɗan kofin da ke kan murfin, rabi da safe, rabi da yamma, kada a ƙetare, don yana da ƙarfi kuma yana sa barci. Uban yana wurin lokacin da ake bayanin. Gangar jikinsa dai tana wurin.

Ranar hutunsa da safe, matar ta naɗe ɗinkin wata mata da za ta kai. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baban Ɗigo, na riga na ba ta maganin. Kar ka ƙara mata, ka ji?"

"Uhm, toh."

Ta san wannan toh ɗin fanko ne. Tana sauka matakala ta rubuta masa, ta tura, hankalinta ya kwanta.

Can anjima Ɗigo ta fara kuka tana jan ƙafar wandonsa. Shi kuwa musu ya yi zafi, wani ya zagi ƙungiyarsa. A duk maganar matarsa, kalma ɗaya ce ta maƙale masa a kunne: magani. Ya miƙe da waya a hannun hagu, ya laluba bai ga ɗan kofin ba, ya zaro cokalin cin abinci. Ya cika ya ba ta. Rabin idonsa na kan gilashin wayar, sai ya ga kamar ya zube a rigarta. Ya sake cikawa.

Yarinya ta yi shiru. Har ya ji daɗi a ransa, ya ce yau an bar mutum ya sha iska.

Bai ɗago ba sai da wayar ta mutu, don an ɗauke wuta tun safe. Nan ya ji shirun gidan. Ba irin shirun da ya sani ba ne. Babu ƙarar murfin tukunyar da take bugawa, babu tari.

Tana kwance a kan tabarma, kumatunta a ƙasa, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Ɗigo. Ɗigon Baba, tashi."

Ya ɗaga hannunta, ya saki, ya faɗi kamar tsumma. Ya kai kunne bakin hancinta. Numfashin yana nan, amma sai ya fita ya daɗe kafin wani ya biyo. Mutumin da ke lanƙwasa ƙarfe da hannu ya kasa ɗaga 'yar shekara biyu.

A haka matar ta turo ƙofa. Idonta ya sauka kan kwalba a buɗe da cokali kusa da ita. Ba ta yi ihu ba. Da ma ihun ta yi, da ya fi masa sauƙi. A hankali ta ce, "Me ka ba ta?"

Maƙwabcinsu direba ne ya kwashe su. Duk hanya uwar na mari kumatun yarinyar a hankali tana cewa, "Kar ki yi min haka, Ɗigo, buɗe ido ki ga Mama." Kan yarinyar sai lilo yake.

A asibiti wata likita ta karɓe ta, ta ɗaga fatar idonta ta haska, ta juyo. "Wa ya ba ta?"

"Ni ne."

"Nawa?"

"Cokali... ɗaya. Ko biyu."

"Malam, ɗaya ko biyu? Ƙarfe nawa?"

Ya san wanda ya ci ƙwallo a minti na tamanin da bakwai shekara huɗu da suka wuce. Bai san lokacin da ya ɗura wa 'yarsa magani yau da safe ba.

Likita ta ce, "Aikin da zan yi mata ya danganta da lokacin. Ka tuno."

Sai ya tuna abu ɗaya, kunya ta rufe shi. Lokacin da yake zuba maganin, da ɗayan hannun yana rubuta wa wani amsa. Wata nas ta miƙo cajarta. Suka tsaya shi da likita da nas a kan wayar suna jiran ta farfaɗo, yarinya na kwance a bayansu an sa mata robar iska a hanci. Bai taɓa ganin waya ta yi nawar tashi irin ta ranar ba.

Ta kawo haske. Ya nemo. Sha ɗaya da minti goma, ya rubuta wa wani baƙo: "Ƙarya kake, ba ka san ƙwallo ba."

Likita ta duba agogo, ta ja labule, ta bar su a waje.

A kan bencin nan ya ga sunan matarsa, da saƙo sittin da uku da bai buɗe ba. Ya fara karantawa daga sama.

"Abincinka na kan tebur, zai huce."

"Yau Ɗigo ta ce takalmi. Da ka ji yadda ta faɗa."

"Na yi sabon kitso."

"Ina kusa da kai fa. Ɗago ka kalle ni ko sau ɗaya."

Na ƙarshe, ƙarfe tara da rabi: "Na ba ta magani. DON ALLAH kar ka ƙara."

Ya juyo. Tana zaune a ƙarshen bencin, ta ƙura wa labule ido, zaren ɗinki na maƙale a gyalenta.

"Maman Ɗigo..."

"Yanzu ka gan ni?" Ba ta ko waiwayo ba. "Idan yarinyar nan ba ta tashi ba, ban san da wane ido zan ƙara kallonka ba. Ka yi shiru kawai."

Duk takun da ya ji a bayan labule sai ya miƙe tsaye. Sai dab da faɗuwar rana nas ta leƙo ta ce su shigo.

Ɗigo ta buɗe ido, jiki duk a sake. Uwar ta kifa kai a gadon tana kuka tana godiya ga Allah. Shi kuwa ya durƙusa, ya ajiye wayar a gefen katifa, ya miƙa hannu biyu. "Zo, Ɗigon Baba."

Yarinyar ta dube shi. Ta dubi hannuwansa babu komai a ciki. Sai ta lalubo wayar da ɗan hannunta mai allura, ta tura masa.

"Baba, ungo."

Abin da ta san ubanta da shi ke nan. Nan mai walda ya fashe da kuka a gaban likita da nas da kowa.

Darasi: Wanda ya ba da matarsa da 'ya'yansa ya karɓi gilashi, wallahi an cuce shi a ciniki, kuma shi ya cuci kansa. In mijinki ko matarka na magana, kife wayar, ɗago kai, ka ji da kunne biyu. Su Allah ya mayar musu da tasu, ba kowa ake mayar wa ba. Ku tura wa ma'auratan da kuka sani, in sun gama karantawa su ajiye wayar su dubi wanda ke gefensu.