Ƙirin Jatau

Ku matso, masu cewa zamanin fata ya wuce. Yau sai kun yi mini shari'a.

Jatau mai haƙar rijiya yana da ƙiri, igiyar fatar bijimi, gadon ubansa. Ƙirin ya bushe ƙayau har ya fara tsagewa. Mutanen gari suka ce ya yar, ya sayi ta roba.

Jatau ya ce, "Da shi ubana ya shiga rijiya, da shi zan shiga. Wanda bai so ya sha ruwan tafki."

Taurin kan nan kuwa 'ya'yansa uku sun gado shi kaf.

Wani maƙwabci ya lafta wa ƙirin baƙin man inji, wai taimako, Jatau har da godiya. Tanimu, babban ɗansa, ya san man nan cinye fata yake yi. Ya fizge ƙirin a gaban mutane, ya goge shi tas da dusa. Ya sha zagi, bai ba da haƙuri ba.

Jatau ya ce to a shafa man shanu, yadda kakanni suke yi. Kande, 'yarsa, ta ce, "Baba, ka yafe ni, ba zan shafa ba. Ɓeraye za ka gayyato." Ta zauna a inuwa tana murza masa man kaɗanya kaɗan-kaɗan har ya yi laushi, tafin hannunta duk ya saɓule. Uban ya daina cin tuwonta.

Sai Jatau ya ce ya isa haka, a miƙo masa abinsa. Barau, autansu, ya ɓoye ƙirin a rumbu, ya bi shi da kakin zuma kamu-kamu don kada ruwa ya ratsa. Da Jatau ya gano ƙirin ya karɓe abinsa, shi kam korarsa aka yi daga gida.

Ranar da ake yasar rijiyar gari, gefenta ya rufta, Jatau yana ƙasa, laka har ƙirji. Ƙirin yana ɗaure a ƙugunsa, jiƙe cikin ruwa, ƙarti suna ja, dutsen bakin rijiya yana gurzarsa. Bai ruɓe ba, bai karye ba, bai saki ba. Aka fito da tsoho da ransa.

Ƙafarsa dai ta nakasa, ya bar haƙar rijiya ke nan. Ya tara 'ya'yan, har da korarren, ya ce ɗaya zai bar wa ƙirin, kuma duk wanda ya ce a yanka shi uku, bai yafe ba.

To, ga ku ga su. Tanimu, Kande ko Barau, hannun wa za a damƙa wa ƙirin nan?