Akushi Ɗaya na Yaran Gida

Akwai wani mutum wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa riƙon babban gida. Suna da gonar gandu wadda dukan gidan suke nomawa tare, kowane magidanci kuma yana da 'yar gonar kansa. Tun zamanin tsohon, kowace safiya akan buɗe rumbun gandu a auna wa kowane sashe hatsin da zai ishi bakunan da suke cikinsa. Ba a tambayar wa ya je gona, wa ya kwanta. Mai son ƙari sai ya nema a gonar kansa.

Da damina ta faɗi, ƙanen mutumin nan ya faɗo daga kan ɗaki yana gyaran jinka, ya karye a cinya. Aka yi noman fari babu shi. Sai mutumin ya ce a ransa, "Ni nake wuni cikin rana, wani yana kwance a inuwa, awonmu kuwa ɗaya. Wannan ba gaskiya ba ce." Washegari ya rage awon sashen ƙanensa, ya ƙara a kan nasa.

Ƙanen ya aika aka kira shi, ya ce, "Yaya, ba don ni ba. Dubi yaran."

Ya amsa masa, "Ranar da ka tashi, awonka ma zai tashi."

Ana nan, ruwa ya kankama, tsohon hatsi ya yi wuya, sabo bai nuna ba. Mutumin ya lura autansa yana ramewa, har wuyan yaron ya yi tsawo. Ya nemo magani, bai ga sauyi ba. Hankalinsa ya tashi, ya ce wa matarsa, "Na ƙara miki awo. Ina abincin yake tafiya?"

Ta ce, "Maigida, ka manta yadda ka ci ka girma? Zo ka gani."

Da la'asar ta kai shi bayan rumbu. Ga yaran gidan duka, nasa da na ƙanensa, sun kewaye akushi ɗaya, kamar yadda yaran gidan suke ci tun kakanni. Dā kowace uwa takan kawo tuwonta a haɗa. Yanzu matar ƙanen ba ta da abin kawowa sai ɗan kaɗan, hannuwan kuwa ba su ragu ba. Yana tsaye ya ga autansa ya gutsuro loma, ya dubi 'yar ƙanen da take lasar yatsa, ya miƙa mata.

Matar ta ce, "In raba su kake so, kai za ka faɗa musu. Ni bakina ba zai iya ba."

Mutumin bai jira safiya ba, ya hau rumbu da kansa, ya cika ƙwarya ya kai ƙofar ƙanensa.

Ma'anar wannan misali ita ce, rumbun gandu shi ne albarkar da Allah ya zuba wa ƙasa domin dukan mazaunanta. Awon safe shi ne abin da zai riƙe ran mutum, wato ci da sutura da wurin kwana. Wannan hakkin kowa ne don Allah ne ya yi shi, ko yana da ƙarfin aiki ko ba shi da shi. Mai himma ya ci ribar himmarsa a gonar kansa, ba wanda ya hana. Amma kada ikilisiya ko masu mulki su ce wa gwauruwa, ko tsoho, ko wanda ya nemi aiki ya rasa, "Sai ka tashi za ka ci."

'Yan'uwa, Ubangiji ya zaunar da mu a gida ɗaya. Duk wanda ya rage awon ɗan'uwansa, bari ya zaga bayan rumbu ya duba, gama ɗansa ma yana cikin masu ci a akushin nan.