Haƙorin da Ya Goge

Akwai wani ɗalibi a makarantar koyon zane da abokansa ke kira Gwani. Sunan kuwa ya dace da shi. In ya zana fuska da fensir, sai ka rantse da kyamara aka ɗauka.

Sai dai yana da wani hali. Ba ya zana mutum yadda Allah Ya yi shi. Hanci in ya baje, sai ya miƙar da shi. Tabo in ya gani, sai ya goge. Tsohuwa ta zauna a gabansa, ta tashi da hoton budurwa. 'Yan ajinsu suka yi ta rububinsa, kowa na son a gyara shi. Nan fa kan Gwani ya kumbura.

Malaminsu, wani dattijo da yatsunsa ba sa rabuwa da baƙin gawayi, shi kaɗai ne ba ya yaba masa.

"Yaro, kana da hannu, amma ba ka kallo," in ji shi. "Sau ɗaya kake ɗaga kai, sauran daga kanka kake cikowa. Abin nan da kake gogewa, shi ne mutumin."

Gwani ya ce to. A ransa kuwa cewa ya yi, tsohon nan hassada ke damunsa.

Mahaifiyar Gwani tela ce. Kekenta na gindin taga, kuma da shi take saya masa takarda da fensir. Shekara da shekaru tana tsinke zare da haƙori, har na gaban ya ɗan gutsure. Ido ɗaya kuma ya ƙanƙance saboda yawan kanne shi wajen zura zare a allura. Ba ta son hoto ko kaɗan. Da an ɗaga waya, sai ta kare fuska da ƙyallen da ke hannunta.

Amma ta so ɗanta ya zana ta.

"Kai, duk garin nan ka zana, ni ce ban kai ba?"

"Mama, sai na samu lokaci."

Ta sha tambaya, ta sha jin wannan amsar.

Rannan Malam ya ba su aiki: kowa ya zana wani na gidansu, a zaune a gabansa, ban da kwafa daga waya. Sai a lokacin Gwani ya tuna da ita.

Mama ta yi wanka, ta sa kayan da ta fi so, ta zauna tana ta dariya don murna. Hannunsa ya bi dariyar, har ya fitar da gutsuren haƙorin a takarda. Da ya lura, sai ya ja tsaki, ya ɗauki abin gogewa ya murje wurin.

"Mama, don Allah rufe bakin nan."

Ta rufe. Daga nan bai ƙara ɗaga kai ba. Ya daidaita idanun, ya share layukan goshi, ya miƙa mata.

Ta daɗe tana kallo.

"Ma sha Allah, kyakkyawa ce. 'Yar wane gida ce?"

"Ke ce mana! Gyara ki na yi."

"To, na gode da gyara. In ka samu lokaci, ka sake min da haƙorin nawa. Babanka shi yake so."

Ta koma kan kekenta. Wallahi ni wannan maganar ce ta fi taɓa ni a duk labarin, amma shi Gwani ko a jikinsa.

Da Malam ya ga zanen, ya tambaye shi sana'arta. Ya ce tela ce.

"Wannan matar ba ta taɓa riƙe allura ba. Koma gida ka dubi mahaifiyarka."

Gwani ya cusa takardar a jaka, ya ce a ransa sai an yi hutu.

Ba a kai hutun ba. Wata safiya Mama ta ce kanta na sarawa, ta kife a kan keken. Aka garzaya da ita asibiti. Ba ta dawo ba.

Bayan masu gaisuwa sun watse, Baba ya kira shi. Direban babbar mota ne, mutum marar yawan magana.

"Na duba ko'ina, babu hotonta sai na katin shaida, shi ma ya dushe. Ta ce min ka zana ta. Kawo na gani."

Gwani ya kawo.

Baba ya matsar da takardar kusa, ya nisantar da ita, ya sake matsarwa.

"Wannan ba matata ba ce."

"Baba..."

"Ina haƙorin? Duk sanda na dawo daga hanya, shi ne yake fara tarbata a bakin ƙofa."

"Zan gyara, Baba. Yanzun nan."

Ya zauna a gindin taga, kusa da keken da aka lulluɓe, ya ɗauki sabuwar takarda. Sai fensir ya tsaya. Wane ido ne ƙanƙantaccen, na dama ko na hagu? Ta wane gefe leɓenta ke ɗagawa in za ta yi dariya? Matar da ta haife shi, wadda ya girma a gabanta, ya kasa tuna fuskarta.

Baba ya ce na hagu ne. Gwani ya zana. Baba ya girgiza kai. Ya sake, ya sake, har takardu suka cika ƙasa. Duk fuskar da ta fito kyakkyawa ce, kuma duk baƙuwa ce.

Ya je wurin Malam yana kuka, ya roƙe shi ya koya masa zane daga tunani.

"Yaro, zan iya koya maka fitar da abin da ka kalla," in ji Malam a hankali. "Wanda ba ka kalla ba, ba ni da shi, kai ma ba ka da shi."

Da ya koma gida, ya tarar da Baba a tsaye a taga, ya ɗaga zanen farko yana hasko shi da rana. A ƙarƙashin rufaffen bakin nan akwai ɗan wuri da takardar ta yi laushi, inda abin gogewa ya murje. Sawun fensir na nan, da ƙyar ake ganinsa.

Baba ya ɗora yatsa a wurin.

"Ga ta nan," ya ce. "Iya nan ɗin ka bar min."

Darasi: Kada ka ji kunyar kamannin waɗanda suka gaji dominka. Tabon da kake son ɓoyewa, wahalarka ce ta bar shi. Ka dubi iyayenka da kyau tun suna zaune a gabanka, kada ka ce sai ka samu lokaci. Ku tura wa wani, wataƙila yau ya ajiye waya ya kalli mahaifiyarsa.