Tubalan Masallacin Nurkand

An yi wani sarki a ƙasar Farisa, sunansa Mahyar, wanda ya gaji birnin Nurkand da tsohon masallacin da kakansa na can nesa ya gina da ɗanyen tubalin jar laka. Masallacin ya ga mahara ya ga gobara bai rusuna ba, sai da girgizar ƙasa ta kwantar da shi. Sarki ya sake tayar da shi da gasasshen tubali, da ƙubba mai shuɗin tangaran da hasumiya biyu, amma ya sa aka bar gurbi a bangon alƙibla, kusa da mihrabi, don a cika shi da tsofaffin tubalan, kada a ce masallacin kakansa ya ƙare.

Da magina suka je ɗibar tubalan, tarin ya ɓace. Aka kama Ƙanbaru, tsohon hadimin da ke gadinsu.

Sarki ya kira wazirinsa Abul Ma'ali ya ce, "Waziri, ka nemo mini tubalan kakana da ɓarayinsu kafin Juma'a. In ba haka ba, hannun Ƙanbaru ne fansa."

"Na ji, na bi, Allah ya ja zamanin Sarki," in ji Waziri, alhali aljihunsa ya yi masa nauyi. Su mutanen Nurkand 'yan Shi'a ne, ba sa ɗora goshi a kan darduma sai a kan ɗan curin ƙasa mai tsarki da suke kira turba, ita kuwa turbar da ke aljihun Waziri ja ce, har da guntun ciyawa a jikinta.

Ya ziyarci Ƙanbaru a kurkuku. Tsoho ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa ɗan ɓalli ya roƙa don tabarruki. Wa zai hana mutum ɗan ɓalli? Kai ma da ka zo..."

"Rage murya, Baba," in ji Waziri.

Ranar Juma'a Waziri ya roƙi Sarki ya tsaya a bakin gurbin ya fuskanci jama'a. Da aka daidaita sahu, kowa ya sa hannu a aljihu ya ajiye turbarsa, sai ga daɓen masallaci ya yi ja tun daga mihrabi har farfajiya.

Waziri ya ce, "Ga tubalan, ga ɓarayin. Masallacin kakan Sarki bai ɓata ba, kullum sai ya zo salla sau da yawa, a cikin aljihun bayin Sarki." Sa'an nan ya fito da tasa ya ajiye, yana kallon ƙasa.

Sarki ya fusata. "Har da kai? To, duk wanda aka sami jar turba a hannunsa, hukuncin ɓarawo ya hau kansa!"

"Hukuncin Sarki daidai ne. Sai dai lokacin salla yana wucewa. Ko Sarki zai fara ajiye tasa, mu yi salla da hannuwanmu tukuna?"

Sarki ya warware ƙyallen alharinin da turbarsa ke ciki, sai ga ta ita ma ja ce, ya daɗe yana dubawa. Can ya ce a hankali, "Gyatumata ce ta ba ni. Ta ce tana da albarka."

"Ba ta yi ƙarya ba, ranka ya daɗe. Da wa za a fara?"

Sai Sarki ya fashe da dariya har rawaninsa ya karkace. Ya sa aka saki Ƙanbaru aka mayar da shi aikinsa, ya yafa wa Waziri alkyabbarsa, ya kuma yi umarni a yi kantoci a cikin gurbin nan, kowa ya riƙa ajiye turbarsa bayan salla. Da haka bangon ya cika da tubalan kakansa, yana watsewa yana komowa a kowace salla.

Masu hikima suka ce, adalin mai hukunci yakan laluba aljihunsa kafin ya laluba na talakawa.