Matar da Ta Ƙi Karɓar Naman Akuyarta

Akwai wata mata mai suna 'Yar'azumi a wani ƙaramin ƙauye na bakin fadama, kusa da Auyo a ƙasar Haɗeja. Abin ya faru ne a shekarun da aka fita daga babban fari, kuɗin mai ya fara shigowa, motoci suka fara yawa a hanyar Kano.

Mijinta ya rasu ya bar ta da gida a ƙarshen gari da 'yan awaki. Fari ya cinye fiye da rabinsu. Sauran ta riƙe su da 'ya'yan gawo da dusar da take samu in ta yi wa mutane surfe, har suka sake hayayyafa. Da su take ci, da su take sutura.

Bayan gidanta akwai tafki. In ruwan kogi ya janye, bakin tafkin nan ne kaɗai ke zama kore har rani ya yi nisa. Can take kora awakinta da safe, can ma sauran matan gari ke kora nasu. Da yamma sai ta ɗauki kwanon dusa ta buga shi da sanda. Ta saba musu da ƙarar tun suna ƙanana, duk inda suka shige cikin ciyawa sai su taho a guje.

Lokacin sanyi agwagin ruwa na cika tafkin. Maharbin garin shi ne Bunu, ƙanin mijinta marigayi. A da, in zai yi harbi, sai ya shiga kwalekwale da bindigarsa ta toka ya tafi can nesa da mutane.

To, sai ya haɗu da wani ɗan kwangila, Alhaji Shu'ibu, mai sabuwar mota da bindiga mai baki biyu. Alhaji yana son harbin agwagi, amma ba ya son kwalekwale. Sai Bunu ya nuna masa inda mota ke iya kaiwa, a tsallaken tafki. Daga can, in sun ɗaga bindiga, bakinta na kallon dogayen ciyayin da awaki ke kiwo a ciki.

Wata rana da hantsi aka ji ƙarar bindiga. Can da azahar sai ga Bunu ya yi sallama, ɗauke da ƙwarya an rufe ta da faifai, da fata a kafaɗa. 'Yar'azumi na ganin fatar ta gane ta. Kyallar akuyarta ce, wadda ta haifi biyu bai fi mako ba.

"Yaya, ƙaddara ta faɗa," in ji Bunu. "Harsashi ya same ta a wuya. Allah ya sa na yi sauri na yanka kafin ta zama mushe. Ga namanki, ba abin da aka taɓa."

A garin nan al'ada ce, in maharbi ya yi kuskure ya harbi dabbar gida, sai ya yanka ya kawo wa mai ita. In ta karɓa ta rarraba wa maƙwabta, magana ta mutu, ba mai sake tayar da ita.

'Yar'azumi ta dubi ƙwaryar, ba ta miƙa hannu ba.

"Koma da shi."

Bunu ya yi dariya, don tsakaninsu akwai wasan matar wa da ƙanin miji. "Yau kuma azumi ake yi, 'Yar'azumi? Ko haƙoran ne suka ƙare?"

"Haƙorana na nan. In na ci naman nan, bakina ne zai rufu, ni kuwa da sauran magana. Yau akuya ce. Gobe in ni ce a cikin ciyawar, wa za ka kai wa naman?"

Dariyar ta ɗauke masa. Ya ajiye ƙwaryar a ƙasa ya juya. Ta ɗauka ta bi shi har ƙofar gidansa, ta ajiye a gaban mutanen da ke zaune, ta dawo. Ranar sai da ta danne wata akuya da gwiwa kafin marayun biyu suka samu nono.

Kashegari ta yafa mayafinta ta tafi wajen mai gari, Bulama Ari. Ta durƙusa daga gefe ta gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, ban zo neman ramuwa ba. So nake a juya bakin bindiga daga inda awaki da mutane suke."

Bulama mutum ne mai son zaman lafiya, kuma duk ranar da Alhaji ya zo, agwagwa mai ƙiba na shiga gidansa. Ya gyara zama ya ce, "Baƙo ne babba, ba a yi masa haka. Ranar da za su zo ki ɗaure awakinki a gida."

"Ba sa faɗin ranar zuwansu, ranka ya daɗe. In kuma na ɗaure su, me za su ci? Harawata ta ƙare tun watan jiya."

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri na iya shi. Da shi na fitar da su daga fari. Amma bakin tafkin nan ba zan bar shi ba."

Ta yi masa sallama ta fito.

Bayan 'yan kwanaki ta jiyo kukan mota a tsallake. Ba ta yi gaggawa ba. Ta zuba dusa a kwano, ta ɗauki sandarta, ta tafi bakin ruwa. Tana hango Bunu da Alhaji suna sanɗa, agwagi sun rufe ruwa. Sai ta ɗaga kwano ta shiga bugu.

Awaki suka ɓullo daga ciyawa a guje. Agwagi kuwa suka tashi gaba ɗaya, sama ta yi duhu, suka nufi gabas. Ba wanda ya samu ya yi harbi ko sau ɗaya.

Haka ta yi a zuwansu na gaba, haka ta yi a na bayansa.

Bunu ya kai ƙara. Aka kira ta gaban Bulama, dattawa na zaune.

"An ce kina korar wa baƙi tsuntsaye."

"Awakina nake kira, ranka ya daɗe. Kowa a garin nan ya san haka nake kiransu."

"Da yamma kike kiransu," in ji Bunu. "Yaushe kika fara da hantsi?"

"Tun ranar da aka fara harbinsu da hantsi. Ranka ya daɗe Bulama, kai ka ce in ɗaure su. Kafin a ɗaure akuya ai sai an kira ta."

Wani dattijo ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya. Bulama ya rasa laifin da zai kama ta da shi, sai ya ce ta daina tayar da fitina. Daga ranar wasu suka rage gaisawa da ita. Aka ce taurin kai ya yi mata yawa, aka ce don ba namiji a gidan ne. Wata safiya ta tarar an ɗauke mata kwanon. Ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar tasa.

A rijiya mata suka fara tambayarta a hankali, ba ta tsoro? Ta ce tana ji, kowace rana ma. Cikin masu tambayar har da Ma'u, matar Bunu, wadda ta tara awakinta da sana'ar ƙuli-ƙuli. Ma'u ta ɗauki tulunta ta wuce.

Bunu kuwa ya sake dabara. Ya sa Alhaji ya bar motar can nesa don kada a ji ta, suka taho a ƙafa. Ya tabbatar masa cewa yau ba kowa a ciyawar, Bulama ya hana.

Amma masunta sun ga motar, labari ya riga su isowa gari.

Alhaji ya durƙusa a tsallake, ya saita bindiga a kan agwagin da ke gab da ciyawa. Daidai inda bakin bindigar ke kallo, ciyawa ta motsa. 'Yar'azumi ta miƙe tsaye da tasarta a hannu. Ba ta buga ba. Ta tako cikin ruwa har gwiwa, ta tsaya.

"Alhaji, sannu da zuwa," ta ce, muryarta na tsallaka ruwa. "Nan kake harbi kullum. Na zo ka ga abin da ke ciki."

Sai ga wata mata ta miƙe a bayanta da goyo. Wata ta miƙe da ƙunshin wanki. Wata da kwano, awaki na zagaye da ita. Haka suka yi ta tashi har bakin tafkin ya cika da mata.

Alhaji ya miƙe da sauri. Ya sauke bindigar, ya cire harsasan ya zuba a aljihu.

"Malam Bunu, ba ka ce mini ba kowa a nan ba?"

Bunu kuwa idonsa na kan mace ta ƙarshe da ta miƙe.

"Ma'u, har da ke?"

"Har da ni, Malam. Awakina na nan, ni ma nan nake wuni. Ko kai ba ka taɓa tambayar inda nake yanko musu ciyawa ba."

Alhaji ya rataya bindigar a kafaɗa. Sannan ya zagayo ta gefen tafki, takalmansa na nutsewa a laka, har ya iso gaban 'Yar'azumi.

"Baba, ki gafarce ni. Me zan ba ki?"

"Ba abin da za ka ba ni. Tsuntsu na Allah ne, ban hana ka ba. Ka tafi inda in ka kuskure shi, ruwa kawai za ka samu."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Bulama Ari ya sa aka yi shela: ba a sake ɗaga bindiga a tafkin gari, mai son harbi ya haye kogi. Ya faɗe ta kamar shi ya fara tunaninta, ba wanda ya yi masa gardama.

Alhaji bai sake dawowa ba. Bunu ya koma kwalekwalensa, kuma ya yi wata da watanni ba ya taka ƙofar matar wansa. Ita ba ta je ba shi haƙuri ba, ba ta kuma yi masa gori ba. In sun haɗu a hanya ta gaishe shi, ya amsa ko kada ya amsa.

Ranin shekarar ya yi tsawo, ruwa ya makara. Amma awakin garin sun ci koren bakin tafki har damina ta faɗi, mata na wanki a gefensu, kuma ba wadda ta ƙara ɗaga kai don ta ji ƙarar mota.

Darasi: Ba kowane sulhu ne zaman lafiya ba. In abin da aka miƙo maka don ya rufe bakinka ne, haɗarin kuma yana nan inda yake, ka ƙi karɓa cikin ladabi, ka tsaya a kan gaskiyarka ko da kai kaɗai ne, masu tsoro za su samu ƙarfin tashi a bayanka. Mai riƙe da makami kuma ya san abin da ke bayan abin da yake hari kafin ya saki. Ku tura wa 'yan uwa labarin nan, musamman masu fita farauta kusa da gari.