Littafin Gidan Malam Gambo

Ku gyara zama. Kai mai tari, yi ka gama, don in na fara ba na son a katse ni. Wannan labari duk ranar da na tuna shi sai raina ya ɓaci.

A garin Kwarin Madaci an yi wani limami, Malam Gambo. A gidansu akwai littafin yabon Annabi na rubutun hannu wanda ya girmi ganuwar garin. Kakannin kakanninsa suka rubuta shi, suka yi masa zayyana da ja da rawaya da kore, kowace da'ira kamar saƙar faifai. Ba a ɗinke yake ba, falle-falle ne cikin gafakar fata, yadda mutanen da suke yi. Sau ɗaya a shekara ake fito da shi, gari ya taru a karanta, kuma mutum ɗaya tak ke riƙonsa a kowane zamani.

Shekarar da idon Malam ya mutu, aka buɗe adaka ranar karatu, wayam! Ba littafi, ba gafaka. Kafin la'asar magana ta zagaye gari: Malam ya sayar. Hujjarsu? Wai a bana ya yi wa ɗakinsa rufin kwano. Kwanon da kowa ya san ɗansa ne ya saya masa! Mutanen da ya raɗa wa 'ya'yansu suna, ya yi wa iyayensu salla, su ne suka cire shi daga limanci suka ba na'ibinsa, Malam Ɗahiru. Tir da irin wannan hali. Tsoho ya kira 'ya'yansa uku, Mamuda da Talatu da Ilu, ya ce, "Ba na son in shiga kabari da sunan maci amana. Wanda ya wanke ni, shi zai riƙe littafin bayana."

Mamuda, babbansu, baduku ne. Ya rufe rumfarsa ya bi kasuwanni, gari bayan gari, yana ɗaga tsofaffin fatu yana ajiyewa, har abokan cinikinsa suka watse, mutane suka ce ya taɓu. Wata rana a rumfar wani dillalin kayan da, ya hango gafakar littafin an rataye ta fanko. Bai yi shakka ba, don shi ya sake mata maɗauri da hannunsa, kuma baduku ba ya manta ɗinkinsa. Ya naɗe ƙafa a bakin rumfar ya ƙi tashi, sai da dillalin ya gaji ya faɗa masa cewa littafin yana ɗakin karatu na wata jami'a a birni. Mamuda ya je ya gan shi bayan gilashi, da ɗan kati a gefensa: "Mai shi na asali, ba a sani ba." Ba a sani ba! Wa suka tambaya? Ma'aikacin wurin ya ce masa cikin ladabi, "Malam, kowa zai iya zuwa da gafaka ya ce nasa ne. Kawo shaida." Ya dawo gida ba kasuwa ba littafi, amma ya san inda yake.

Talatu tana aure a wani ƙauye mai nisa, kuma tun bayan kiran da ubansu ya yi musu mazan ba su ƙara tuna da ita ba. To, akwai al'adar gidan da su suka manta: duk 'yar da za a kai ɗakin miji, sai a zare falle ɗaya daga littafin a ba ta don albarka, ranar da ta rasu a mayar da shi wurinsa. Nata yana cikin ƙunshi a ƙarƙashin matashinta. A lokacin tana da tsohon ciki, bayan ta binne jarirai a jere, kuma duk zuciyarta ta rataya a kan wannan falle. Da labari ya iso mata cewa shaida ake nema, ta ɗauko shi za ta tafi. Uwar mijinta ta tare ƙofa ta ce, "Ke yarinya, ki rabu da shi yanzu? Kina da hankali?" Talatu ta raɓa ta ta wuce, ta hau bayan motar kaya har birni. Da aka sa fallen a gurbinsa, karatun ya ɗore, kuma wani tsohon tabon man fitila da ya ratsa takardun ya hau daidai kan na gaba da na baya. Ma'aikatan suka yarda littafin na gidan ne, amma suka ce sai ta bar fallen a yi bincike. Ta bar shi, ta koma tana kuka, ta haihu babu shi. Allah ya raya ɗan, amma tsoron da ta sha ita kaɗai ta san shi.

Kuna tsammani gari ya ji kunya? Ina! Sai suka ce, "Ai mun san na gidan ne. Wa ya sayar, shi ne magana." Nan Ilu, autansu, ya tashi. Ya lallaɓi dillalin nan, ya kawo shi garin ranar Juma'a, ya tsayar da shi a ƙofar masallaci don ya gane wanda ya kawo masa kayan. Da jama'a suka fara fitowa, dillali ya taɓa Ilu ya raɗa masa, "Ga shi can, mai farin rawani." Malam Ɗahiru ne, sabon liman, kuma uban matar Ilu. Ba wanda ya ji sai Ilu. Da ya yi shiru, da shi ke nan, auren da yake so ya zauna lafiya. Amma ya ɗaga murya ya ce, "Baba Ɗahiru, ka ji tsoron Allah, ka faɗa wa mutane inda ka kai littafin mahaifina!" Liman ya yi ta borin kunya, daga baya ya durƙushe ya amsa. Kafin magariba aka zo aka kwashe matar Ilu da 'ya'yanta, kuma har yau ba ta dawo ba.

Sunan Malam Gambo ya wanku. Masu baki suka yi ta sallama suna sunkuyar da kai, marasa kunya. Ɗakin karatu ya aiko cewa za su gyara katin, su rubuta asalin littafin tun daga kakanni, su mayar da shi gida. Abu ɗaya suke jira: sunan wanda zai riƙe shi, don kada a sake cewa ba a sani ba.

To, a nan ne nake jin kamar in ɗauki sanda. 'Ya'yan nan uku suka durƙusa gaban ubansu makaho suna huci. Mamuda ya ce, "Baba, da ban samo shi ba, wa zai kai falle, wa zai tona ɓarawo?" Talatu ta ce, "Yaya, ka samo shi aka koro ka. Fallena ne ya buɗe ƙofa, kuma da ran ɗana na yi caca." Ilu ya ce, "Ku littafi kuka wanke. Ni na wanke Baba, kuma gidana ne ya rushe." Wani mai wayon banza ya ce a raba fallayen uku. Malam ya daka masa tsawar da ta sa ya fita ba takalmi.

Tsoho ya juya fuska bango ya ce, "Duk wanda na kira, na zalunci biyu." Tun daga ranar bai ƙara cewa komai a kai ba, jikinsa kuma kullum ƙara lalacewa yake. Littafi yana can bayan gilashi, shi kuwa ba abin da yake so kamar ya shafa shi da hannunsa kafin ya cika.

Lokaci ba ya jira. To, ku da kuka iya gardama, Mamuda, Talatu ko Ilu: sunan wa za a aika?