Gidan Katin Malam Sallau

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah baduku, ana ce masa Nomau. In ya miƙo hannu za ku gaisa, abin da za ka fara gani shi ne faratansa, ja wur da rini, wanki ba ya fitar da shi. A zamanin ne kati ya fara yawa a hannun mutane, na asibiti da na shaida, kowa yana cusawa a hula gumi yana cinyewa. Sai Nomau ya kama ɗinka gidan kati na jar fata, ɗan daidai aljihu, yana zana masa dagi a fuska da baƙin rini.

Ran nan wani dattijo makaho, Malam Sallau, ya zo yana dogara sanda. Ya ce, "Nomau, jibi zan tafi asibitin birni. Gidan kati nake so, kuma a yi mini ado sosai."

Nomau ya yanka fatar da ta rage masa, ya ɗinka tsaf. Ya zo zana dagi, hannu ya goce, rini ya malale, ado ya koma kamar kaza ta bi ta kai.

To, ku saurara. Akwai maƙwabcinsa tela, Barau, rumfarsu ɗaya. Ya leƙo ya tuntsire da dariya. "Wai makaho da son ado! Ba shi haka nan, malam. Ko jaki ka zana masa, godiya zai yi."

Nomau ya ce, "Shi ba ya gani. Ni fa?"

"Kai za ka riƙa masa? Ina za ka samu wata fatar kafin jibi?"

Babu wata fatar kam. Sai dai tsohuwar jakar kayan aiki da Nomau ya gada wurin mahaifinsa. Ya daɗe yana dubanta. Ya sa wuƙa ya yanke marfinta. Jakar mahaifinsa fa, jama'a! Ya sake ɗinki, ya sake zane, ya danna dagin ya shiga fata sosai yadda yatsa zai iya binsa.

Da Malam Sallau ya dawo, ya shafa, ya sake shafawa. Ya ce, "Wannan fata ta sha hannu. Ba sabuwa ba ce."

Nomau ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Sabuwar na ɓata adonta. Wannan daga jakar mahaifina na yanko. In ba ta yi maka ba, ka faɗa."

Dattijo ya zagaya dagin da yatsansa. Can ya ce, "Barau, tun ranar da na zo na ji kana ƙunshe dariya. Makaho ba kurma ba ne. Ka san abin da ya sa na ce a yi ado? In na miƙa hannu a tagar asibiti, kafin a dubi abin da na riƙe an ce mini Allah ya ba da haƙuri. An ɗauka bara na zo. Amma in aka ga abu mai kyau a hannuna, sai a san mai gida ne ya zo ganin likita. Adon nan mutuncina ne."

Kun ji ko? Da Nomau ya bi shawarar Barau, da ya tura dattijo birni da abin dariya a hannu, yana nunawa yana alfahari.

'Yan uwa, amana ita ce abin da ka yi wa wanda ba zai iya duba aikinka ba. Kowannenmu yana da nasa Malam Sallau. Ke mai ɗinki, akwai cikin riga da ba a juyawa. Kai mai gyaran waya, tsohuwar nan ba ta san abin da ka cire ba. Ke ma'aikaciyar jinya, marar lafiya bai iya karanta takardar magani ba. Ba su gani, amma Wanda ya ba ku idon yana gani. Ku gyara aikin kamar za a duba.

Barau kuwa, zaren da ke bakinsa ya cire, ya rufe kekensa, ya zame ta bayan rumfa.